Ka Bar Dala a Hannun Hagu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka Mamadu a Gure zuwa ga Ɗan Iya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka Falmata. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka zangon farko lafiya, takarkarinka Duna ya sha ruwa ya kwanta yana tuƙa, ba wanda ƙaya ta soka. Allah ya tsare gabanku da bayanku har ku isa gonar da kawunka Ari ya yi maka alkawari a kudancin Kano.

Na sa uwarka ta cusa takardar cikin jakar gumba, don na san cikinka, ba za ka kai la'asar ba ka buɗe ta ba. Ni da kai ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Kunyar ɗan fari ta shiga tsakaninmu tun kana cikin zanen goyo, kakarka Iya ta ɗauke ka ranar yaye, har sunanta ya bi ka. Shi ya sa abin da bakina ya kasa na ba alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ya fara gajiya, tawadar ma uwarka ta ce ta fi kama da ruwan wanke tukunya.

Ban ga laifinka ba da ka tashi. Rairayi ya ci rabin lambunmu na kwari, fara ta ci gero shekara biyu a jere, namiji kuma ba ya zama ya zuba wa rumbu ido. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na ga ka ɗaura kaya jiya. Gidanku duka yana bayan Duna, tabarmin kaba da sandunan bukka da turmi da tukwane da salka, wurin zaman Falmata kuma a kai. Sandunan ka ɗaure su a gicciye, sun fito dama da hagu, kamar yadda na koya maka. Na tsaya ina kallo, na buɗe baki, sai na ce maka kawai igiya ta yi kyau. Uwarka ta shaida mini halin da Falmata take ciki, wata shida ke nan. Saboda ita da abin da take ɗauke da shi nake wannan rubutu, ina so su wuce Kano ba abin da ya taɓa su.

Ni ma na yi irin tafiyarka, kafin a haife ka, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba, gyaɗa ta fara tashe. Na ɗora gidana bayan wani jan takarkari mai suna Jatau, uwarka a kai, muka nufi kudu cin rani da ɗan kayan kanwa. Wautar da na tafka a hanyar nan ta isa a raba wa mutum uku, bari in ba ka ita yadda ta zo.

Ta farko mai sauƙi ce, har yanzu uwarka tana yi mini dariya a kanta. Ban ƙirga kwanakina daga Gure ba, sai ga mu a bakin Damagaram ranar Alhamis da hantsi, ranar babbar kasuwa. Raƙuma, jakuna, tumaki, masu itace, kowa ya nufi wuri ɗaya. Tafiyar da ba ta fi ta shan fura ba ta cinye mana har azahar. Wani jaki ya goga mangalarsa a gefenmu, tukunyar miyar da uwarka ta zo da ita daga gidansu ta faɗi ta tarwatse. Na tsaya ina zagin mai jakin, shi ko waiwaye bai yi ba. Uwarka ta dube ni daga sama ta ce, “Malam, jakin ne ya zaɓi Alhamis ko kai?”

To, ka ƙirga kwanakinka. Duk babban garin da ke gabanka, ka san ranar kasuwarsa tun kana nesa da shi da zango biyu. In lissafi ya nuna za ka faɗa cikinta, ka ƙara kwana a inda kake, ka bar Duna ya yi kiwo, Falmata ta miƙe ƙafa. Juma'a ma haka, kada hantsinta ya same ka a bakin birni. Kuma in za ka tambayi labarin hanya, ka tambayi wanda ya fito, ƙurar garin tana jikinsa. Wanda ke shiga tare da kai bai fi ka sani ba, ko da ya fi ka baki.

Da ina da hankali da tukunyar nan ta ishe ni wa'azi. Amma a lokacin ina ganin kaina, ina da sabuwar riga da amarya da takarkarin da ba irinsa a unguwarmu.

Ta biyu ita ce bin sawu. Mu mutanen tudu da kwari mun tashi da sanin cewa inda sawu ya yi yawa nan ce hanyar rijiya, wanda ya rabu da shi ya ɓata. Gaskiya ne tsakanin Gure da Gamu, gaskiya ne a jejin Alakos. Kusa da birni kuwa abin juyewa yake yi. Tun daga Kazaure za ka ga ƙananan hanyoyi suna zubowa cikin babbar, kowace da ayarinta, kuma duk wannan taro ƙofa ɗaya za shi, wadda raƙumi mai kaya da ƙyar yake wucewa. Ni da na ga jama'a na ƙaruwa sai murna ta kama ni, na ce ai mun kama hanya sosai. Fatake masu dawowa sun gaya mini yanzu abin ya fi da, don ban da raƙuman gyaɗa har da kamiyo, babbar motar kaya mai ƙugin da ba takarkarin ƙasarmu da ya taɓa jin irinsa. Duna bai san mota ba sai ta kumandan, Baturen mulkinmu, ita ma daga nesa.

Saboda haka in ka ga sawu ya fara yawa, kada ka yi murna, ka fara neman inda za ka ratse.

Ta uku ina jin kunyarta har yau. Da sassafe, saura 'yar tafiya mu isa Kano, muka tsaya a gindin wata tsamiya inda wata ƙaramar hanya ta ratse yamma. Wata tsohuwar Bafulatana tana sayar da fura da nono a wurin. Ta dubi tsagen fuskata, ta dubi Jatau, ta kwashe da dariya.

Ta ce, “Kai Babarbare bawana, garinku duka ka ɗauko? Da wannan faɗin za ka shiga ƙofar birni? Sai dai in sarki zai rushe maka ganuwa.”

Na ce, “Ke dai auna mini fura. Yaushe Bafulatanin da ko ƙofar ɗaki ba shi da ita ya san ƙofar birni?”

Ta daina dariya ta ce, “Ɗana, kaka ce, gyaɗa ake shiga da ita. Ga yarinya da ciki. Bi nan yamma ka zagaye, rugarmu tana kan hanya, ku kwana, gobe ka shiga da ƙafarka.”

Na ce, “So kike in kai miki matata ta yi miki tatsa.”

Ka san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Tun da ta fara da bawana, sai na ɗauki duk abin da ya biyo baya a kan wasa, na ga in na bi maganarta ta ci ni ke nan. Uwarka ta sunkuyo daga kan kaya ta ce da ni a hankali cikin yarenmu, “Mu bi ta yamman, bayana yana ciwo.” Na ce mata saura kaɗan. Gaskiyar magana, so nake ta ga birnin Kano daga bisa takarkarina, ranar da muka koma Gure ta ba mata labari cewa mijinta ya shiga da ita Kano a kan Jatau.

Ɗan Iya, abokin wasa yakan faɗi gaskiya cikin tsiya, ka cire tsiyar ka riƙe gaskiyar. Kanawa za su tsokane ka, su ce Badamagare ya zo, ka rama, amma ka saurara. In kuma Falmata ta ce bayanta yana ciwo, to tafiyar ranar ta ƙare ke nan, ko da inuwar ganuwa tana taɓa ƙafarka. Ita ke sama, tana hango abin da kai mai jan igiya ba ka gani.

Yanzu ga wadda ta fi su duka, ita ce maganar sanduna. A ƙasarmu ba lungu, ba bango, ba abin da zai taɓa gefen kaya sai iska. Muna ɗaure sanduna a gicciye don takarkari ya daidaita in yana hawan tudun rairayi, kuma daidai ne. Ban taɓa tunanin akwai wurin da faɗi zai zama laifi ba.

Muka isa ƙofar da hantsi. Tun daga nesa tafiya ta koma ja da tsayawa. Raƙumi a gabana, jakuna a bayana, mutane ta ko'ina, ƙura da ihu. A nan na gane maganar tsohuwar, na so in juya, amma ba wurin juyawa, wanda ya shiga irin wannan taro ba shi ke tafiyar da ƙafarsa ba. Da muka shiga bakin ƙofar, sandunan suka ci bango dama da hagu, Jatau ya tsaya cak. Na baya ba su san abin da ya faru ba, suna ta turowa. Wani ya ɗaga sanda ya tsula wa Jatau a gindi. Dabbar da ban taɓa duka ba. Ya zabura da ƙarfinsa duka, sanduna suka karye, igiyar ciki ta tsinke, kaya suka juye gaba ɗaya. Uwarka ta faɗo, turmi ya bi ta ya sauka a kan ƙugunta.

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe cikinta da hannu biyu tana kallona.

Mutanen kirki suka taimaka aka janye ta gefe, aka fitar da Jatau da baya. Ban san kowa ba a garin, ba inda na sani sai gindin tsamiyar nan. Wani mai jaki da ya sauke kayansa ya ɗora ta, muka koma. Tsohuwar tana nan ba ta tashi ba. Da ta gan mu ba ta ce ai na gaya maka ba, ba ta kuma ƙara ce mini bawana ba. Ta bar ƙoren nononta a wurin, ta kama uwarka, ta kai mu rugarsu ta hanyar nan ta yamma da na ƙi bi da safe.

Kafin magariba uwarka ta haihu, wata bakwai. Namiji ne. Ya yi kuka, na ji da kunnena. Na karɓe shi, bai cika tafin hannuna biyu ba, na yi masa kiran salla a kunne, na raɗa masa sunan mahaifina. Ya kwana, ya ga hantsi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni da mazan rugar muka binne shi kusa da wata rijiya, tsakanin kukoki biyu.

Wata biyu muka yi a wurin mutanen nan. Wani mai ɗori a cikinsu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙugun bai koma daidai ba. Ɗingishin da ka tashi ka ga uwarka tana yi, wanda aka ce maka faɗuwa ta yi a bakin rijiya, ga asalinsa. Ni na ja ta zuwa ƙofar nan, bayan mutum biyu sun ce kada in je.

To ga abin da nake so ka yi, kuma wannan umarni ne. In kun kai tsamiyar, ko wadda ta gaje ta, ka ratse yamma. Kada ka bi ta gabas, can ne tashar jirgi da kantuna suke, duk gyaɗar ƙasar can take taruwa. Ka zagaye birnin daga nesa, ka bar dutsen Dala a hannunka na hagu, kana hango shi kana tafiya, har ya koma bayanka. Zai ƙara maka yini ɗaya, wataƙila da rabi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle yini. Akwai rijiyoyi da ƙauyuka, ba za ku rasa ruwa ko wurin kafa bukka ba.

In kana da buƙata a cikin birni, gishiri ko allura ko ganin ido, ka kafa bukka a waje, ka bar Falmata wurin matan ƙauye, ka shiga da ƙafarka da sandarka. Ka shiga bayan azahar, lokacin da rana ta kori mutane inuwa, ka fito kafin masu komawa gida su taso. Mai tafiya da gidansa ba ya kai shi kasuwa. Kuma tun daga Miriya, kafin ku kai Damagaram, ka kwance kayan nan ka sake ɗauri. Sanduna su bi tsawon Duna, rabi a kowane gefe, bakinsu na baya ya ɗan yi ƙasa. Turmi ya sauko gefe a ɗaure shi da igiyarsa daban, kada ya zauna kusa da inda take zama. Zai yi maka wuya kwana biyu, Duna zai yi ta karkata, daga baya ya saba. Duk inda hanya ta ƙuntata, ko gada ce ko tsakanin shinge biyu, ta sauko ta taka da ƙafarta, kai kana gaba, ita tana bayan dabbar da nisa.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsawo, don shekara ashirin da huɗu na yi ina yin sa. Da muka dawo Gure na ce wa mutane zazzaɓi ya zubar da cikin tun yana ƙarami, ƙafa kuma rijiya ce. Uwarka ta ji, ba ta ƙaryata ni ba, ta rufa mini asiri har wurin iyayenta. Ni kuwa ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Na riƙa ɗebo mata ruwa ina barin maza suna yi mini dariya, na sassaƙa mata kujera, na hana ta zuwa lambu da rana, ina ganin hakan ya isa. Sai jiya, bayan ka gama ɗauri ka shiga wurin abokanka, na same ta a bayan ɗaki tana kallon sandunan nan.

Ta ce, “Malam, ka ga yadda ya ɗaure su?”

Na ce na gani.

Ta ce, “In ba za ka gaya masa ba, ni zan gaya masa, kunya ta bi rairayi.”

Na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce, “Ki yafe mini ƙofar nan.” Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, “Na yafe tun muna rugar. Jira nake ka tambaya in gaya maka. Kai dai komai naka sai ka zaɓi Alhamis.” Muka yi dariya, muka yi hawaye, tsofaffi biyu a bayan ɗaki. Kada ka yi irin nawa. Ranar da ka ɓata wa Falmata, ko ka kai ta inda ta ce kada a je, ka faɗa da bakinka kafin rana ta faɗi. Ɗebo ruwa yana da kyau, amma ba ya zama maimakon magana.

Hanyar yamman da na ce ka bi, ta kan rijiyar nan take wucewa. Rugar ta daɗe da tashi, tsohuwar ma na tabbata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinta. Ba za ka ga alamar komai a ƙasa ba, amma kuka ba ta tashi. In ka ga guda biyu da rijiya a gabansu, ka tsayar da Duna, ka shayar da shi, ka tsaya tsakaninsu ka yi wa wanka addu'a. Ni ban sake komawa ba. Ka gaya masa uwarsa tana gaishe shi. In ka tarar da Fulani a wurin, ka ba su dabinon da ke ƙasan jakar nan, na itacenmu ne, in sun ce maka bawansu ka amsa.

Ka ga ke nan kai ba ɗan fari ba ne. Da aka haife ka, gari duka ya ɗauke ka na fari, Iya ta karɓe ka, mu kuma muka shiga kunyar da ba taka ba ce, don in mun kira sunanka sai an tambayi dalili. Na ga lokutan da kake yaro ƙannenka suna hawa cinyata, kai kana tsaye a bakin zaure kana kallo. Na gani, kuma ya yi mini ciwo, ban da abin cewa sai ka yafe mini. Ranar da ka fara noma kunya guda kai kaɗai, na koma bayan rumbu na yi ta murna ni ɗaya. Ina son ka tun ranar da aka miƙo mini kai, ban taɓa faɗa ba ne kawai.

Uwarka tana zaune a gefena yanzu, ta ce in gaida Falmata, ta riƙa shan kunun kanwa, kada ta ɗaga turmi. Ƙannenka suna gaishe ku. Ku gaida kawunka Ari da mutanen gidansa. In Allah ya sauke ta lafiya, ka aiko da labari ta bakin fataken kanwa masu dawowa, ka gaya mana kuma ko kukokin suna nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya raba ku da ƙuncin hanya da taron da ba shi da mafita. Allah ya sa ku sauka inda ake murna da zuwanku, ya ba Duna ƙarfin ƙafa, ya ba gonarka albarka. Uwarka ta kuma ce kada in naɗe takardar sai na rubuta sunanka, in faɗe shi da ƙarfi ta ji.

Allah ya yi maka albarka, Bukar. Na faɗa, ta ji, ta maimaita sau biyu, ta ce amin.

Mahaifinka,
Mamadu